Ƙuraje Masu Cibiya a Jikin Yara: Darasi Domin Iyaye

Yawanci a wurin wanka ake fara ganinsu. Uwa tana cuɗa jikin ɗanta da soso, sai hannunta ya ji waɗansu 'yan ƙulle-ƙulle a hammata ko a gefen ciki, uku ko huɗu, ƙanana kamar ƙwayar gero. Ta duba, babu ruwa a cikinsu, yaron ba ya zazzaɓi, yana ci yana wasa. Sai ta ce ƙurajen zafi ne, za su baje in ruwa ya sauka. Damina ta zo ta wuce, ba su baje ba. Uku sun zama ashirin, waɗansu sun hau wuya, ɗaya kuma ya fito a haɓa, inda kowa zai gani ranar Lahadi. Daga nan ne hankalin gida yakan tashi, shawarwari su fara shigowa ta kowace ƙofa.

Likitoci suna kiran wannan ciwo molaskam kontajiyosam. Sunan daga harshen Latin yake: kalmar farko tana nufin abu mai taushi, ta biyu kuwa mai yaɗuwa. Wani likitan fata na Ingila, Thomas Bateman, ya bayyana shi a 1817. A wannan darasi za a kira shi ƙuraje masu cibiya, gama kowane ƙurji in ya ƙosa yakan yi ɗan loɓi a tsakiyarsa kamar cibiya, kuma da wannan alama ake gane shi.

Mene ne shi, mene ne kuma ba shi ba

Ƙwayar cuta ce irin wadda ake kira bairas take kawo shi. Dangin ƙwayar agana ce, wato cutar nan da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanar a 1980 cewa an kawar da ita daga duniya. Amma kada wannan zumunci ya tsorata kowa. Agana takan bi jini ta kwantar da mutum, har ta kashe. Ita wannan ƙwaya a fatar sama kawai take zama. Ba ta shiga jini, ba ta taɓa hanta ko ƙoda, ba ta rikiɗa ta zama ciwon daji. Ran da ƙurji na ƙarshe ya ɓace, ƙwayar ta fita daga jiki ke nan, ba ta ɓuya ta dawo daga baya, sai dai in yaro ya sāke kamuwa daga wani.

Ba baƙon ciwo ba ne. An ƙiyasta cewa a 2010 mutum miliyan 122 ne suke ɗauke da shi a duniya. Ya fi kama yara daga shekara 1 zuwa 10, ya fi kuma yawa a ƙasashe masu zafi da laima, da gidajen da yara suke kwana tare suna wanka tare. Yaran da suke da kirci ko busasshiyar fata mai ƙaiƙayi sun fi saurin kamuwa, domin fatarsu tana da 'yan tsage-tsagen da ƙwayar take shiga ta ciki.

Kowane ƙurji yakan kai milimita 2 zuwa 5, wato daga ƙwayar gero zuwa abin da bai kai ƙwayar wake ba. Yana da tauri kaɗan, da santsi da sheƙi. Launinsa kamar na fatar yaron ne, ko ya ɗan fi ta haske. A cikinsa akwai wani farin abu mai kauri kamar cuku, kuma a nan ne ƙwayoyin cutar suke cunkushe. Ba ya ciwo, amma yakan yi ƙaiƙayi. Yakan fito a ciki, ƙirji, hammata, wuya, bayan gwiwa, gwiwar hannu da fuska, da wuya a gan shi a tafin hannu ko tafin ƙafa.

Yana da kyau iyaye su iya rarrabe shi da maƙwabtansa. Ƙarambau takan zo da zazzaɓi, ƙurajenta masu ruwa ne, cikin mako ɗaya ko biyu sun bushe. Ƙazuwa takan hana barci da ƙaiƙayi, ta fi son tsakanin yatsu, kuma takan kama gida duka, manya da yara. Kuturta ba ƙuraje take farawa da su ba, tabo ne mai haske wanda ba ya jin taɓi. Wadda ta fi bukatar lura ita ce ƙyandar biri, wadda ta sāke ɓulla a Nijeriya a 2017, aka fara ganinta a Jihar Bayelsa bayan kusan shekara 40 ba a ji ɗuriyarta ba. Ita ma ƙurajenta sukan yi loɓi a tsakiya. Bambancin shi ne, mai ƙyandar biri yakan yi zazzaɓi da ciwon jiki da kaluluwa, ƙurajen suna ciwo, suna canja kama cikin kwanaki. Mai ƙuraje masu cibiya kuwa lafiyarsa lau, ƙurajensa sukan yi wata da watanni a yadda suke. Duk da haka, zato ba ya maye gurbin idon ma'aikacin lafiya. A kai yaro a duba shi sau ɗaya tun da fari. Yawanci kallo kawai ya isa, ba sai an ɗebi jini ba.

Yadda yake tafiya daga jiki zuwa jiki

Hanya ta farko ita ce fata ta taɓa fata, a kokawa, a goyo, ko a kwana shimfiɗa ɗaya. Ta biyu ita ce kayan da ake tarayya a kansu: tawul, tufafi, kayan wasa, da soson wanka. Soso ya cancanci a tsaya a kansa. A gidaje da yawa soso ɗaya ne yake rataye a banɗaki, da shi ake cuɗa babba da ƙarami, kuma uwa mai son tsabta takan ƙara ƙarfin hannu daidai inda ta ga ƙurji. Wannan cuɗa tana fasa ƙurjin, ta kwashi farin abin da ke ciki, ta shafa shi a sauran jiki da ta riga ta kankare. Tsabtar da aka yi da kyakkyawar niyya sai ta zama shuka.

Hanya ta uku ita ce farcen yaron kansa. Ya sosa nan, ya sosa can. Shi ya sa akan ga ƙurajen sun jeru a layi, daidai inda farce ya bi.

Daga ranar da ƙwayar ta shiga fata zuwa ranar da ƙurji zai bayyana yakan ɗauki mako 2 zuwa 7, wani lokaci har wata 6. Saboda haka neman wanda ya sa wa yaro ɓata lokaci ne. Ɗan maƙwabcin da ake zargi domin sun yi wasa jiya, wataƙila ba shi da hannu ko kaɗan. Haka nan ba ƙazanta ce take kawo shi ba, ba kuwa wani abinci ba. Hana yaro ƙwai ko gyaɗa ko madara ba ya rage ƙurji ko ɗaya, sai dai ya rage wa yaron abin gina jiki.

Abin da ya fi wuya: jira

Ga gaskiyar da iyaye ba su cika son ji ba. A jikin yaro mai lafiya, ciwon yakan warke da kansa, amma ba ya sauri. Ƙurji ɗaya yakan yi kamar wata biyu ya tafi, sai dai kafin ya tafi ya haifi waɗansu. Yawanci duka sukan ƙare cikin wata 6 zuwa 18, kaɗan kuma sukan kai shekara 4. Wani bincike da aka yi a Birtaniya a kan yara 306, aka buga a 2015, ya nuna matsakaicin lokacin warkewa wata 13 ne da 'yan kwanaki. Bayan wata 18, kashi 30 cikin 100 na yaran suna nan da ƙurajensu, bayan shekara biyu kuwa saura kashi 13. Uwar da ta ga shekara ta zagayo ƙuraje ba su tafi ba, ta sani ba ita kaɗai ba ce, kuma ba alama ba ce cewa wani abu ya ɓaci.

Dalilin wannan jinkiri shi ne wayon ƙwayar. Tana zaune a saman fata, nesa da jini, tana kuma fitar da waɗansu sinadarai da suke hana garkuwar jiki lura da ita. Sai ran da garkuwar ta farga ake fara yaƙi. A lokacin ne ƙurji yakan kumbura, ya yi ja ko ya ƙara duhu a baƙar fata, ya ɗan yi zafi, har ya yi ɓawo kamar maruru. Iyaye da yawa a wannan rana suke rugawa kemis, suna cewa ciwon ya tsananta. Sau da yawa akasin haka ne: likitocin fata suna ɗaukar wannan kumburi alamar cewa ƙarshe ya kusa. Abin da yake bukata shi ne wanki da ruwa da sabulu, a rufe shi, a sa ido.

Akwai dabara mai sauƙi da take kwantar da zuciya. A ɗauki hoton wurin da waya sau ɗaya a wata, ko a ƙidaya ƙurajen a rubuta a bayan kalanda. Ido mai kallo kullum ba ya ganin canji, amma hoton Janairu da na Yuni sukan faɗi gaskiya. A bar ƙidayar kowace safiya, gama yaro yana karanta fuskar uwarsa fiye da yadda take tsammani.

Ɓarnar da gaggawa take yi

A nan ne ainihin haɗarin yake. Ƙurajen da aka bari sukan tafi ba tare da tabo ba, ko su bar ɗan ɗigon duhu ko ɗan rami da yakan dushe a hankali. Tabon da yakan zauna har girma, yawanci hannun mutum ne ya yi shi.

Akwai masu matse ƙurjin da farce, akwai masu tsaga shi da reza ko allura, akwai masu kai yaro a yi masa tsaga. Waɗansu sukan ɗaura dakakkiyar tafarnuwa su kwana da ita, ba su san tafarnuwa tana ƙona fata kamar wuta ba. An ga masu ɗiga kananzir, ruwan batir, man birki, ko sodar yin sabulu. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana mai da ƙurji marar ciwo ya zama gyambo. Buɗaɗɗen rauni ƙofa ce ga ƙwayoyin bakteriya masu kawo ruɓa, reza ko askar da aka yi wa wani aiki da ita kuma tana iya ɗauko ciwon hanta ko ƙanjamau. Har wa yau, baƙar fata ta fi saurin yin tabon nan mai tsiro, wanda yakan tashi ya wuce girman raunin, musamman a ƙirji da kafaɗa da kunne, kuma yana da wuyar magani. Babu uban da zai yarda da wannan ciniki in an shimfiɗa masa shi a fili: a ba da ƙurjin wata goma a karɓi tabon shekara sittin.

Kemis ma yana da nasa tarkon. Kafso da sauran magungunan antibayotik bakteriya suke kashewa, ba su da iko a kan bairas, saboda haka kuɗin da aka kashe a kansu asara ce, sai fa in likita ya ga ƙurjin ya ruɓe. Man shafawar nan mai haɗi uku da ake sayarwa domin kowace irin matsalar fata yakan ƙunshi sinadarin sitiroid mai ƙarfi. Yana kwantar da ƙaiƙayi kwana biyu, amma yana raunana garkuwar fatar wurin, in an daɗe ana shafawa kuma fatar yaro takan yi siriri ta koɗe. Likita yana iya rubuta mai sauƙi na 'yan kwanaki domin kircin da ya kewaye ƙurajen. Wannan dabam yake da shafa na kanti wata da watanni.

Sau da yawa matsin yakan fito ne daga manya na gida, waɗanda ƙauna ce take motsa su. Kaka ta ce a zamaninsu da tuni an kai shi an fasa. Ba a bukatar gardama. Ya isa suruka ta ce, “Mama, an kai shi asibiti, sun duba, sun ce in an taɓa zai bar tabo. Ku taya mu hana shi sosawa.” Tsohuwar da aka ba aiki takan zama mai tsaro mafi kyau. Zai fi kyau kuma maigida ya faɗi wannan magana da bakinsa, kada a bar matarsa ita kaɗai tana kāre shawarar da su biyu suka yanke.

Abin da gida zai iya yi

Aikin gida bai da yawa, amma na kullum ne. Yaron ya sami tawul nasa da soso nasa, a wanke wurin ƙurajen da tafin hannu da sabulu, ba da soso ba, a kuma tsane shi da dannawa a hankali maimakon gogewa. A riƙa yanke masa farce. Kada a haɗa shi baho ɗaya da ƙannensa. In zai fita, riga ta rufe waɗanda take iya rufewa, filasta ta rufe sauran, da dare kuma a cire filastar fata ta sha iska. Da hunturu, lokacin da fata take bushewa tana ƙaiƙayi, basilin ko man kaɗanya suna taimako ƙwarai, sai dai a fara shafa wa lafiyayyar fata, a ƙare da wurin ƙurajen, sa'an nan a wanke hannu. In ƙurji yana kai ko ƙeya, a gaya wa mai aski ya kauce masa.

Ko an yi duk wannan, ƙane ko ƙanwa suna iya kamuwa. Binciken Birtaniya da aka ambata ya tarar haka ta faru a kusan gida 4 cikin 10. Ba gazawar uwa ba ce.

Maganin asibiti

Akwai magani, amma kowanne da farashinsa. Likita yana iya kankare ƙurjin da ɗan ƙarfe mai kama da cokali, ko ya daskarar da shi da ruwan naitirojin mai tsananin sanyi. Duka biyu suna da zafi, ƙaramin yaro mai ƙuraje talatin ba zai manta ba. Akwai ruwan magani na sinadarin fotasiyam, mai ƙarfin kashi 5 ko 10 cikin 100, da ake ɗigawa a kan ƙurji har ya kumbura. Akwai kuma kantaridin, wanda asalinsa daga ƙwaro dangin hangara aka samo shi. Likita ne yake ɗiga shi, ya sa fatar ta yi bororo ƙurjin ya faɗi. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da wani nau'insa a 2023 domin yara daga shekara 2, a 2024 kuma ta amince da wani man shafawa mai suna berdazima domin masu shekara 1 zuwa sama. Kada jin sunan hangara ya sa wani ya kamo ƙwaro ya murtsuke a jikin ɗansa. Dafi ne mai ƙona fata, in ya shiga ciki kuma yana iya kisa.

A 2017 masana na ƙungiyar Cochrane suka tattara gwaje-gwajen da aka yi a kan magungunan wannan ciwo har zuwa lokacin, ba su sami wanda ya nuna fifiko a fili ba. Saboda haka likitan da ya ce a koma gida a jira ba raina talaka ya yi ba. Magani yakan dace ne in ƙurajen suna yawan ƙaiƙayi, ko suna yaɗuwa da sauri, ko suna wurin da ya hana yaro sakewa cikin mutane.

Lokacin da ba a jira

A koma asibiti ba tare da jinkiri ba in jan ko kumburin ya bazu ya wuce gindin ƙurjin, ko mugunya tana zuba, ko zazzaɓi ya shigo. Haka nan in ƙurji ya fito a fatar ido, gama yana iya sa ido ya yi ja yana hawaye, kuma ba wurin gwajin magani ba ne.

In ƙurajen sun yi yawa ƙwarai, ko sun yi girma fiye da santimita 1, ko sun cika fuska, musamman ga yaron da yake ramewa ko yawan rashin lafiya, likita zai so ya auna garkuwar jikinsa, har da gwajin ƙanjamau. Kada iyaye su ƙi. In an sami cutar akwai magungunan da suke farfaɗo da garkuwa, ƙurajen ma sukan ja da baya. Amma a riƙe ɗaya gefen da kyau: mafi yawan yara masu wannan ciwo garkuwarsu lafiya take, kuma zalunci ne a ga ƙurji a wuyan ɗan wani a fara raɗa.

Ƙurajen sukan fito a cinya, ɗuwawu ko al'aurar yaro. Yawanci hannunsa ne ya kai su can daga wani sashen jiki. Duk da haka a nuna wa ma'aikacin lafiya, a kuma tambayi yaron cikin natsuwa, ba da tsawa ba, ko akwai wanda yake taɓa shi yadda bai kamata ba. Ga manya, ƙuraje a wannan wuri ta saduwa suke yaɗuwa, sai miji da mata su je a duba su tare.

Zuciyar yaron, da zaman jama'a

Ɗan shekara uku bai damu da ƙurajensa ba. 'Yar shekara tara kuwa ta damu, musamman in an fara yi mata suna a makaranta, ko ƙawarta ta janye hannu a wurin wasa. Yarinyar da ta fara ƙin sa rigar da take so, ko ta ce cikinta yana ciwo kowace safiyar Litinin, wataƙila ba cikin ne yake ciwo ba. Ya kamata a gaya mata gaskiya daidai hankalinta, a kuma ba ta amsar da za ta riƙe a baki: “Ƙuraje ne, likita ya gani, za su tafi da kansu.” Kada a riƙa ɗaga mata riga a gaban baƙi domin kowa ya ba da shawara.

Likitoci ba sa cewa a hana yaro makaranta saboda wannan ciwo. Haka yake ga makarantar Lahadi da ƙungiyar waƙa ta yara. Akan sami mai ambaton Littafin Firistoci sura 13, inda aka ba da ƙa'idodin duba cututtukan fata da keɓe masu su, domin ya ce a zaunar da yaro a gida. Ko a wannan sura, ba kowane tabo ne yake sa a fitar da mutum ba, sai an duba, an jira kwana bakwai, an sāke dubawa, waɗansu kuma akan sallame su. Yaron da aka duba aka rufe ƙurajensa ba shi da dalilin zama a bencin baya shi kaɗai. Iyaye su yi wa malamar ajinsa bayani a keɓe tun kafin tambayoyi su taso.

Akwai kuma zargin da ya fi kowanne muni. Ciwon da ya ƙi magani shekara guda yakan sa a fara cewa jifa ne, ko hannun wata dattijuwa a dangi, wani lokaci ma a ce yaron kansa ne maye. Gidaje sun rabu a kan irin wannan magana, yara kuma sun sha azaba. Wannan ƙwaya an gan ta da madubin likita, an san hanyar shigarta, an san lokacin fitarta. Iyalin da suke addu'a saboda ɗansu suna yin abin da ya dace, kuma wanda ya zo taya su addu'a ba shi da hurumin nuna yatsa ga kowa.

Bayan ƙurji na ƙarshe ya faɗi, akan ga 'yan ɗige-ɗige masu duhu ko masu haske a inda suka zauna. Waɗannan ba ciwo ba ne, ba sa yaɗuwa, ba a kuma bukatar a rufe su. Sukan ɗauki watanni kafin su saje da sauran fata. Kada a shafa musu man bilicin. Daga wannan lokaci yaron yana iya komawa baho ɗaya da ƙannensa, a wanke tawul ɗinsa da ruwan zafi a shanya a rana, tsohon soson kuwa a jefar da shi.